Galmar da Muka Je Nema a Jidda

Tun da na dawo zauren gidana bai rabu da mutane ba. Wasu barka da sauka ke kawo su, wasu ta'aziyyar Yaya Mato, amma kowa in ya gama sai ya gyara zama ya ce, "To Sajan, yaya can ɗin take?" Na ba da labarin har muryata ta dushe, kuma na lura kullum sai na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru. Labarin Makka da Arfa ba sai na faɗa ba, akwai alhazan da suka fi ni iya shi. Nawa na Jidda ne, da abin da ya kai mu can tun lokacin aikin hajji bai yi ba.

Ni tsohon soja ne, kuma a soja aka koya mini aiki da injin neman nakiya. Bayan an sallame ni na ci karo da irinsa a gwanjon kayan soja a Kano, na kawo shi gida Rano na yi ta fama har ya tashi. Sanda ce doguwa da faifai a ƙarshenta, sai akwatin batir da ake goyawa a baya, sai abin sawa a kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfe a cikin ƙasa, sai ka ji kuka a kunnenka. Nauyinsa gaba ɗaya ya kai na yaron da aka yaye.

Yaya Mato ɗan wan babana ne, manomi. Shi ne abokin yawona. In rani ya yi, mukan fita kufai bayan ganuwa, ni ina riƙe da inji, shi da ƙaramar fartanya. Inda ya yi kuka sai in nuna da ƙafa, shi kuma ya durƙusa ya tona. Mun tsinci kan mashi, da linzami, da munduwa, da anini mai huda. Ba sayarwa muke ba, a kwando muke tarawa. Mutanen gari suna mana dariya, wai tsofaffi biyu sun rasa abin yi. Gaskiya ne tsufan ya zo, don na haura sittin, shi kuma yana bakin saba'in. Ni kafaɗar dama ke damuna, shi gwiwoyi.

Wata rana muna hutawa a gindin tsamiya ya tambaye ni, "Ilu, injin nan naka, zurfin nawa yake ji?"

Na ce, "In ƙarfen babba ne, ya ji kamu biyu."

"Ruwan galma fa?"

"Zai ji."

Sai ya ba ni labarin da na sani rabi-rabi. Tun yana da ƙarfinsa ya tafi hajji a ƙasa da matarsa ta fari, Hajo. Shekara huɗu suka yi a hanya, suna ƙodago a gonakin auduga na Sudan. Da suka haye Bahar Maliya zazzaɓi ya kama ta, ta rasu a bukkokin mutanenmu da ke wajen ganuwar Jidda. Da galmarsa ya haƙa mata kabari. An ce masa a ƙasar ba a sa alama a kan kabari, sai ya cire ruwan galmar ya binne shi a ƙasa, wajen kanta. Ayarinsu na shirin tashi zuwa Makka, ko zaman makoki bai yi ba ya bi su. A dawowa kuma ta wata hanya aka bi da su.

Ya ce, "Ba tono zan yi ba. So nake in tsaya a kanta in yi mata addu'a ina sane da inda take. Daga ƙofar kudu taku ɗari shida ne, na ƙirga."

Muka yanke takardun alhazai, muka zaɓi hanyar ƙasa, don an ce mana ba za a bar inji ya shiga jirgin sama ba.

Daga Kano zuwa Maiduguri zuwa Fallomi ba wani abin faɗa, sai dai bayan babbar mota ba wurin tsoho ba ne. A kan buhuna muke zaune, ƙafa a naɗe, daga safe har yamma. Kafin mu kai Abashe ƙafafun Yaya sun kumbura har takalminsa ya ƙi shiga. In mota ta tsaya sai na fara sauka, in juya masa baya ya dafa. Ya tsani hakan. Kullum sai ya ce, "Wancan karon da ƙafata na wuce nan, Hajo na ɗauke da tukunya."

A kan iyakar Sudan aka kwance kayanmu. Jami'in da ke wurin, wani dogo mai tsaga uku a kumatu, yana ganin inji ya ja da baya. Ya ce rediyon leƙen asiri ne. Wani direba Bahaushe ya yi mana tafinta, na rantse na kuma, bai yarda ba. Kwana biyu muka yi a ƙarƙashin wata bishiya, motarmu ta tafi ta bar mu. A rana ta uku ya ce in gaskiya nake, zai ɓoye mabuɗinsa a yashi in nemo. Ya sa na juya baya. Na goya akwati, na bi filin a hankali, na tono masa cokali biyu, da ƙusa, da wani maɓallin kaki, kafin mabuɗin. Dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa. Ya kira abokan aikinsa, kowa ya ɓoye nasa. Sai da na yi musu wasa har azahar, batir ɗaya daga cikin ukun da na taho da su ya mutu a banza, kafaɗata kuma ta kwana tana zugi. Ya buga mana hatimi, ya haɗa mu da shayi mai zaƙi kamar zuma.

Abincin Sudan kisra ne, wani abu kamar sinasir amma siriri da tsami, ana ci da miyar kuɓewa busasshiya. Ni na saba da sauri. Yaya ya ce ɗanɗanonsa yana tuna masa abubuwan da ba ya so, sai ya riƙa jiƙa gari yana sha. Daga Nyala muka hau jirgin ƙasa, daga nan har Bor Sudan. Aka yi mana allura, muka jira jirgin ruwa mako biyu a wata rumfa. A cikin teku na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito, Yaya kuwa ko gezau. Yana zaune ya rungume akwatin batir don kada ruwan gishiri ya taɓa shi.

Da aka sake mu daga wurin binciken lafiya a Jidda, ko masauki bai bari mun nema ba. Ya ce mu je ƙofar kudu. Muka ratsa Balad, tsohon gari, inda benaye suke da tagogin katako masu ado, lungu kuma ƙunci kamar na cikin birnin Kano. Muka ɓulla ta kudu, sai titi da motoci da kantuna. Yaya ya tsaya yana waige-waige. Ya tari wani dattijo mai sayar da tasbaha, ya haɗa ɗan Larabcin da ya rage masa ya tambaye shi ganuwa. Mutumin ya kaɗa hannu ya ce, "Ma fi. Halas." An rushe ta tun shekaru da yawa, an yi gini da duwatsunta. Ya nuna mana inda yake jin ƙofar take, amma hannun nasa ya share wuri mai faɗin kasuwar ƙauye.

A Karantina muka sami masauki, unguwar da mutanenmu suke, can kudu. Mai gidan wata tsohuwa ce, Hajiya Kande, mai tuyar waina. A Sudan aka haife ta, aka kawo ta Jidda tana goye, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarta rabi Larabci ce. Ɗakin da ta ba mu na gwangwani ne da aka buɗe aka buga a jikin katako, haka ma yawancin ɗakunan unguwar. Da rana in ka dafa bango sai ya ƙone ka. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Ruwa kuwa sai an saya wurin masu ɗauka a garwa. Da safe ana cin wake da aka dama da mai, suna kiransa ful, da wani faffaɗan burodi mai suna tamis. Gaisuwarsu gajeriya ce, ba mai tambayarka gajiya da iyali da kwanan gida. Da farko na ɗauka fushi suke da mu.

Da Hajiya Kande ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ajiye ludayinta.

"Ya hajj, kai da shekarunka? Mutanen da aka binne a wajen nan ba su ƙirguwa. Ka yi mata addu'a daga inda kake, tana isa."

Yaya ya ce, "Na yi shekara talatin da wani abu ina yi daga inda nake."

Washegari ta ba mu goran ruwa da ta jefa ɗan gishiri a ciki, ta ce mu riƙa kurɓa ko ba ma jin ƙishi.

Muka tsara aikin kamar yadda aka koya mini a soja. Mu fita bayan sallar asuba, mu dawo kafin rana ta take. Yaya ya ƙirga takunsa ɗari shida daga wurare uku dabam-dabam, muka sami wani fili tsakanin gidaje da bola, muka ja layi da sanda. Abin da ban yi tunaninsa ba tun a gida shi ne, a kufan Rano sai ka yi tafiya mai nisa inji bai ce komai ba. A nan kuwa ƙasar kanta ƙarfe ce. Gwangwanin kifi, gwangwanin madara, ƙusa, waya, murfin kwalba. Ba na taku uku sai ya yi kuka. Kuma duk kukan da ya yi, sai Yaya ya durƙusa.

Na ce masa, "Yaya, wannan ƙarami ne, a sama yake. Na san muryarsa."

"In kuma ita ce a ƙarƙashinsa fa?"

Haka zai sa gwiwa ɗaya, ya dafa ƙotar fartanya, ya sauke ɗayar, ya tona, ya fito da gwangwani, ya dube shi, ya jefar. Durƙusawar ba ita ce wahalar ba, tashin ne. A makon farko da kansa yake miƙewa. A na biyu sai na miƙa masa hannu. A na uku sai na sauke inji na kama shi ta hammata, mu biyu muna nishi. Na naɗa masa tsumma a gwiwa, na ce mu riƙa zama bayan kowane layi. Ni ma ba lafiyar ce da ni ba. Lilo da sandar nan dama da hagu, awa uku, yana cinye kafaɗa. Na koma hannun hagu, shi ma ya gaji. Na ɗaura igiya daga wuyana zuwa sandar don ta rage nauyi, igiyar ta yi mini gyambo. Wata safiya na zo ɗaga kofin shayi, hannuna ya ƙi kaiwa baki.

Sau ɗaya wani askari, ɗan sandansu, ya tsare mu. Ya ɗauka ma'adini muke nema ko sihiri muke yi. Hajiya Kande ce ta zo da mayafinta a hannu, ta yi ta zuba masa Larabci. Ban ji abin da ta ce ba sai kalma ɗaya, miskin. Ya dubi tarin gwangwanayen da muka tono, ya dubi Yaya da ke zaune a ƙasa ya kasa tashi, ya ce, "Yalla," ya tafi.

Na roƙi Yaya mu huta kwana uku. Ya ce batir na biyu ya kusa mutuwa, lokacin tafiya Makka kuma yana matsowa, hutu na masu sauran lokaci ne. Abinci ma ya rage ci. In mun dawo sai ya kwanta rigingine a ɗakin gwangwanin nan, idonsa a buɗe, leɓensa na motsi. Ƙirgen taku yake yi.

Hajiya Kande ce ta gaji da ganinmu. Ta yi ta tambaya a cikin tsofaffin unguwa har aka tabbatar mata cewa maƙabartar mutanenmu ta wancan zamani ba a filin da muke take ba. Tana can gaba kaɗan, inda yanzu wani attajiri ya kewaye da katanga yana tara matattun motoci. Da ta faɗa mana na ji kamar kada ta faɗa.

Mai gadin wurin mutumin Yaman ne. Da aka yi masa bayani ya tausaya, ya ce mu zo ranar Juma'a da safe, ba kowa. Muka shiga. Motoci a kan motoci, injuna, sarƙoƙi, ƙarafan gini. Ina kunna inji ya ɗauki kuka ɗaya bai yanke ba, ko na ɗaga faifan sama. Na cire abin kunnen na ce, "Yaya, a nan ba zai iya ba."

Ya ce, "Kunnenka ne ya gaji. Ba ni."

Shekara goma muna yawo tare bai taɓa riƙe shi ba. Na ce ya yi masa nauyi. Ya dube ni irin kallon da yake mini muna yara, na kwance na goya masa. Ya sa abin a kunne, ya ɗaga sandar da hannu biyu, ya fara tafiya tsakanin motocin. Ya yi taku bakwai ko takwas. Sai na ga faifan ya kifa a ƙasa, ƙafarsa ta dama ta ja, ya tafi gefe guda a hankali kamar mai neman wurin zama. Kafin in kai gare shi bakinsa ya karkace.

Ni da mai gadin muka ɗauke shi zuwa titi, aka sa shi a tasi zuwa asibiti. Suka ce ɓarin jikinsa ya mutu. Bayan kwana huɗu suka ce mu koma da shi gida, ba abin da za su ƙara. Hajiya Kande ta mayar da shi rumfarta inda iska ke shiga, tana ba shi kunu da cokali. Maganarsa ta yi nauyi, amma ana ganewa. Duk lokacin da na shigo sai ya bi hannuna da kallo.

Kallon nan ne ya sa na koma ni kaɗai. A bayan katangar, ta waje, akwai wani ɗan tsiri na ƙasa da ba a zuba komai ba. Na sa batir na ƙarshe na bi shi. A safiya ta biyu na ji wani kuka mai faɗi, mai zurfi, ba irin na gwangwani ba. Na sauke inji na durƙusa. A ranar na san abin da Yaya yake sha, don ban taɓa yin tonon da kaina ba. Na tona a hankali har gwiwar hannuna ta shige, ina tsoron abin da zan taɓa. Na fito da wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu biyu, tsatsa ta cinye gefensa. Da na zo tashi na kasa. Sai da na rarrafa zuwa katanga na dafa.

A hanya na yi ta shawara da zuciyata. Na san in na ce masa ita ce, na ga alamar kabari, zai so ya yarda. Na shiga rumfar ban yanke komai ba, na ɗora masa ƙarfen a ƙirji. Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa shi, gefe da gefe, ya juya shi, ya nemi inda ƙota take shiga. Ya daɗe yana nema.

Ya ce, "Ba ita ba ce."

Na ce, "Tsatsa ce ta ci ta, Yaya."

"Tawa maƙerin garinmu ya yi ta. Wannan na mota ne." Ya ture shi ya faɗi ƙasa. Can ya ce, "Dubi gyambon wuyanka. Kada ka sake fita. Zauna nan."

Na zauna. Kwana shida na yi a zaune kusa da shi, muna hirar gonarsa da wanda zai nome ta bana. Bai ƙara ambaton Hajo ba. A rana ta bakwai da hantsi ya cika, Hajiya Kande na tuya a waje. Kafin la'asar an binne shi. A can ba a jira, kuma ba a zaman makoki irin namu. Mutum biyar ne suka zo suka yi mini gaisuwa a tsaye. Injin na bar shi a ɗakin gwangwanin, don ko na so ɗauka ba ni da kafaɗar. Na je na yi aikin hajjina kamar wanda ake ja, aka taimaka mini na dawo ta jirgin sama.

Labarin rasuwar ya riga ni isowa. Duk da haka, ranar da na sauka, kafin in shiga gidana sai da na je wurin Iya Abu, matar da Yaya ya aura bayan dawowarsa ta fari, uwar 'ya'yansa duka. Na same ta a tsakar gida cikin takaba tana tsince wake. Na ba ta tasbaharsa da hularsa. Na ce bai sha wahala ba, an yi masa salla, mutanen kirki ne suka yi jinyarsa. Maganar galma ban yi niyyar ɗaukowa ba, don a iya sanina hajji kawai ya ce mata za shi.

Ta karɓi hular ta riƙe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Alhaji Ilu, ya same ta?"

Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Shekara talatin ina kwana ɗaki ɗaya da shi. Na san ƙirgen da yake yi."

Na ce, "Bai same ta ba, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗora hular a cinyarta, ta jawo faifan waken.

Ta ce, "Na yi ta roƙon Allah ya same ta. Na ce in ya same ta, ƙila ya dawo mini gaba ɗayansa."